Sabi'u Bi-da-bi

Duk wanda ya zauna da marigayi Sabi'u a Agege ya san halin nan nasa mai ban haushi: ba ya barin mutum ya ƙarasa zance. In ku uku ne a gabansa, jimla ɗaya zai karɓa daga bakinka, ya ɗaga maka hannu, ya juya ga na gaba. Ranar da ɓarayi suka fasa mini shago na zo ina haki.

"Sabi'u, an kwashe ni tas!"

"Na ji. Riƙe sauran, zan dawo kanka."

Ya juya ga mai shayi, wanda ƙarfe nawa kawai yake tambaya. Wallahi saura kaɗan in shaƙe shi!

Ashe haka ya koya wa na'ura ma. A shagon intanet da yake wa aiki a Ikeja kwamfuta takwas ne, layin waya ɗaya. Shi ya rubuta wa babbar kwamfutar tsarin da take bi: ta leƙa kowace, ta karɓi loma guda daga saƙonta, ta wuce. Wadda ba ta da komai ba a tsayawa jiranta. Yakan ce, "Mai tulin kaya ba zai riƙe ni ba alhali mai layi biyu yana jira."

Da mulkin farar hula ya dawo, wani sabon kansila ya zo tura hotunan rantsar da shi. A gefensa wani ɗan dako daga kasuwar Mile 12 yana aika wa wansa a Jidda labarin rasuwar mahaifiyarsu. Kansila ya buga tebur.

"Wetin be dis? A tsayar da na kowa, nawa ya wuce!"

Sabi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutar nan ba ta jefa ƙuri'a ba."

Mai shagon intanet ɗin ya roƙe shi, ya yi barazana. Ni ma ina wurin, kunyar faɗi nake ji, na ja rigarsa na ce, "Kai, minti biyar ne fa! Kana da iyali!"

"Minti biyar ɗin wa, Lawal?"

Saƙon ɗan dako ya riga na kansila tafiya. Kafin la'asar an kori Sabi'u, kansila ya bi shaguna yana ɓata shi, bai sake samun aiki ba. Saboda hotuna, jama'a! Ni kuwa har wawa na kira shi.

Da ciwo ya kwantar da shi, mu abokansa biyar muka kewaye gadonsa, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya. Na shirya neman gafara tun daga gida. Da ya iso kaina sai na sunkuyar da kai. Ya yi murmushi.

"Ba komai a bakinka, Lawal. Zan dawo."

Bai kewayo ba. Allah ya jiƙanka, Sabi'u, ya yafe maka, ya sa a saurare ka har ƙarshen zance.