Turmi Uku, Ja

Zulaihat ta shekara ashirin tana sayar da atamfa da kayan girki a kasuwar Kilomita Biyar, kuma ba ta taɓa sarin kaya don an yabe su ba. Sai ta taɓa, ta murza.

Bara ƙanenta Jalaluddeen ya haɗa wa shagon manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda za ta riƙa karɓar oda ta waya. Manhajar ba ta ganin kaya. Bayanin da ya rubuta wa kowane aiki take karantawa, sannan ta zaɓi wanda za ta yi: wannan na zannuwa, wancan na kayan girki. Zulaihat ta ce ba za a kunna ba sai ta duba bayanan, domin in aka aika wa mutum abin da bai saya ba, ita zai tarar a shago.

Ya karanta mata. Hausa ta zauna daram, har da "kayayyaki masu inganci".

"Na ji," in ji ta. "Ce mata ina son turmi uku, ja."

Manhajar ta amsa cikin ladabi cewa babu jan turmi, amma akwai na icce, har da taɓarya.

"Yaya, ai ba laifinta ba ne."

"Na sani, naka ne. A ina ka gaya mata turmin atamfa yadi shida ne?"

Ya goge "masu inganci", ya rubuta yadi shida. Ta sake gwadawa sau tara, biyu daga ciki da harshen Sango. Sannan ta ce ya kunna, ta koma ninke zannuwa.