Hajiya Mariamu Mai Hoto da Gurun Almu

Kafin mahautan Agege su gama wasa wuƙaƙensu, Hajiya Mariamu ta riga ta shiga motar haya ta danfo. Haka take yi tun 1976, zamanin da kuɗin mai ke ambaliya. Sa'o'inta na rububin aikin ofis, ita kuwa ta zaɓi ɗakin duhu, tana wanke hoton ƙirjin mutane. Da asibitinsu ya sayo na'urar MRI, mai leƙa cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, sai ta koma ɗaliba da furfurarta. A wannan watan take ajiye aiki.

Mai son sanin ko wace ce ita, ya tambayi Almu mahauci. Bara, mura na sakinsa ƙirji ya riƙe shi, har ya yanke jiki ya faɗi a kwata. Likita Abdulganiyu ya yi zargin naman zuciyarsa ne ya kumbura, amma sai hoto zai tabbatar. In kuwa haka ne ya koma saɓar rabin saniya, to sai dai a ji salati. Ga kuma inda gizo ke saƙar: ƙarfe ba ya shiga ɗakin MRI, Almu kuwa na ɗaure da guru mai allurai a ciki, maganin wuƙa, gadon ubansa. Ya ce a bar shi da ciwonsa. Likita ya yi Turanci, ya yi Yarbanci, Almu na laluben takalmansa.

Mariamu ba ta yi masa wa'azi ba, ba ta kuma yi dariya ba. Zama ta yi kusa da shi.

"Ƙanena, don wuƙa aka ɗaura maka shi, nan kuwa ko reza babu. Ba ni amana, ba zai taɓa ƙasa ba."

Ya kwance gurun, ya miƙa mata. Kusan awa guda tana bayan gilashi da gurun a cinyarta, tana ce wa Almu ya riƙe numfashi, ya saki. Hoto ya nuna kumburin ƙarara. Aka ba shi magani, aka raba shi da kwata wata shida.

Ke ce kika san ba a kunyata mai tsoro, Hajiya, kuma wallahi muna alfahari da ke. Allah Ya saka miki da alheri. Ku masu tasowa, ku koyi na'ura, amma ku fara koyon zama kusa da mutum. Juma'ar da ta wuce aka raɗa wa autar Almu suna, shi ya yanka ragon da hannunsa.