Ummusalama da Akwalar Kwamfutarta

Kowace safiya, kafin gahawarta ta huce, Ummusalama Eltayeb takan kunna wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure murfinta da roba. Tana da sabuwa, amma akwalar nan take fara gaisarwa. Na sha yi mata dariya, Allah ya yafe mini.

Daga Khartoum ta dawo Gadarif a 2023 saboda yaƙi, ta shiga cikin 'yan sa-kai da ke kula da manhajar rabon allurar ciwon sukari a wasu ƙananan asibitoci na Doka da Hawata. Ni ma'aikacin jinya ne a na Hawata, mahaifiyata kuma tana cikin masu karɓar allurar.

Aikinta ba ya ganuwa. Abin da masu manhaja suka rubuta, sai wata manhajar da ake kira kwamfaila ta sarrafa shi kafin ya yi aiki. Yaren da suke rubutu da shi, C++, ana sabunta ƙa'idarsa bayan 'yan shekaru, tsohuwar kwamfaila kuwa ba ta san sabuwar ƙa'ida ba. Ummusalama ce ke riƙe da fayil ɗin da ke faɗin ƙa'idar da za a bi. Ta kafe a kan ta 2011, ko gezau.

Mohanad, ɗan sa-kai da ke zaune a ƙasar waje, ya taɓa aiko da gyara mai kyau da ƙa'idar 2020. Sau uku tana mayar masa. Ya kira ta a fusace ina wurin.

"Ya ustaza, har yaushe akwalar nan za ta riƙe mu?"

"Ya ustaz, irinta ce a Hawata," in ji ta. "In ta ƙi a nan, can ma za ta ƙi."

Sai mutanen Jazira da yaƙi ya koro suka kwararo mana, shabakar waya da intanet kuma ta yanke. Manhajar ta cika, ta daina karɓar sababbin sunaye, ta fara rikita na da. Sunan mahaifiyata ya ɓace daga layi. Wallahi na tsorata. Ba hanyar sauko da sabuwar kwamfaila, ba wanda za a kira. Da labari ya kai mata, Ummusalama ta yi gyaran, ta sa a filashi, ta hau lori zuwa Hawata. Tsohuwar kwamfutarmu ta karɓa ba gardama, domin da ƙa'idar da ta sani aka rubuta komai. Kafin la'asar an yi wa mahaifiyata allura.

Ummusalama, ke ce kika jure a kira ki mai taurin kai don kada a bar na baya. Yanzu za ki koma Khartoum. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Ku da za ku gaje ta, ku riƙa gwada aikinku a kan na'urar mafi talaucin masu amfani da shi. Akwalar tana nan a kan teburinta. Mohanad ne da kansa ya roƙi kada a kashe ta.