Irin albasa ba ya jira a durowa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kawuna, Malam Bello, mai kula da ɗakin karatu na unguwarmu a Birnin Kebbi. Har yau in na tura ƙofar nan, ƙamshin tsohuwar takarda da na jiƙaƙƙiyar ƙasa ke tarbata tare, don shi bai taɓa raba su ba.

Abin da ke ci masa rai shi ne, motocin albasa daga Augie na wucewa ta gabanmu zuwa Kudu, amma a gidajen unguwa busasshiyar kuka ake kaɗawa kullum, ɗanyen ganye ya fi ƙarfin aljihu. Sai ya share kangon da ke bayan ɗakin karatun ya mai da shi lambu, ya ware durowa guda ya cika ta da ambulan na iri: alayyafo, sure, kuɓewa, albasa. Da katin aron littafi ake aron iri. In ka girbe, ka dawo da sabo. Mama Ngozi mai shagon atamfa ta kawo irin ugu, wani ganyen miya mai yaɗo, daga garinsu, tana tsokanarsa: "Malam, wannan littafin da manja ake karanta shi."

Ina 'yar sakandare na taɓa ɓoye ambulan ɗin albasa cikin littafin waƙoƙina, don kawai ina son rubutun hannunsa a jiki. Sai bayan shekara biyu na shuka. Ko tsinke bai fito ba. Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, wanga iri ba shi wuce shekara. In ba ki ba ƙasa shi ba, mutuwa shikai."

Bana an zo da igiyar awo, an kafa sanduna a tsakiyar lambun. Shaguna ake son ginawa. An ce mu adana irin a durowa, in an samu wani fili za a neme mu. Wanda ya faɗi haka bai taɓa riƙe irin albasa a tafinsa ba. Rani ɗaya ba shuka, abin da matan unguwa suka yi ta arowa suna maidowa tun Kawu na da rai ya zama ƙaiƙayi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Ina jin bokiti kawai zai ɗauka. Mu ma ranar Asabar bokitai muka ɗauka. Mun dasa albasa har gindin sandunan. Ba mu tumɓuke sanda ko ɗaya ba, don Mama Ngozi ta ce ugunta dama na neman abin hawa.

Kawu bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar mana abin da ba ya ajiyuwa, sai dai a shuka. Allah ya jiƙansa. Masu awo kuwa, in sun dawo, katin aro na nan, durowa a buɗe take.