Shuɗiyar Dawa a Gonar Kawu

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, ina aikin malamin gona a Isa. Wata likitar tsirrai ta zo daga Sakkwato da buhunan dawa shuɗiya. Ta ce soyayyiya ce, an shafe ta da funfuna mai amfani. In aka watsa a gonar gyaɗa, sai ta kori muguwar funfunar da ke sa wa gyaɗa guba, wadda fari ke ƙara wa ƙarfi. Ni na yi wa mutanen Tozai bayani, sau uku ina cewa ba iri ba ce.

Kawuna ya fi kowa gyaɗa kai. Sai dai bai taɓa yarda ɗan ƙanwarsa ya san wani abu ba. A ganinsa ba a rina dawa haka kawai, irin Turawa ce mai jure fari muke ɓoyewa. Ya kwashi rabonsa ya shuke a gonarsa ta tudu, rami-rami. Mako uku yana zuwa duban tsiro.

Bayan kaka likitar ta ɗebi ƙasar gonaki ta tafi. Da ta dawo da sakamako, aka taru a ƙofar gidan mai gari.

"Baba, ka watsa a gyaɗarka?" in ji ta, tana duban Kawu.

"Da hannuna, Hajiya. Maganin naku ne ba shi da ƙarfi."

Ta ce funfunarsu tana da shaida a cikin ƙwayar halittarta, kamar yadda makiyayi ke tsaga kunnen saniyarsa, ko cikin dubu ana gane ta.

"A gyaɗarka ban samu ko ɗaya ba. Amma gonarka ta tudu, wadda na ɗeba don kwatance saboda an ce ba a sa mata komai ba, cike take."

Wani makiyayi maƙwabcinsa ya tambaya da ladabi, "Alhaji, ta tsiro kuwa?"

Har mai gari ya yi dariya. Kawu ya gyara rawani ya nuna ni.

"Wanga yaro ne bai iya bayani ba. Mi za ni yi?"

Likitar ta juyo tana jiran amsata. Na tuna a gidansa nake cin tuwo duk ranar da aiki ya kai ni Tozai. Na ce lallai akwai gyara a bayanina. Ita kuwa ta rubuta hakan a rahotonta.