Takardar da Na Ji Kunyar Nema wa Goggo

A lokacin da abin nan ya faru ni yarinya ce marar magana, irin wadda za ta zauna a kujerar ƙarshe a aji ta tashi ba wanda ya ji muryarta. Na zo birnin Guangzhou na ƙasar Sin ne wajen yayana mai harkar tura kaya gida, ina zaune da shi da iyalinsa a unguwar Panyu. Da na koyi Sinanci sai na shiga wata ƙaramar kwaleji ina karanta doka da tsarin tafiyar da al'umma. Littattafaina duk sun sha jan biro, kowace doka na rubuta lambarta a gefe. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san ba rashin sani ne ya jawo mini abin da zan ba da labari ba.

Karatun nan ya cika ni da al'ajabi. Malaminmu, wani dattijo mai sanyin murya, yakan ɗauki ƙaramar ƙa'ida kamar ta inda ake ajiye keke, ya bi ta da mu tun daga wanda ya fara tunaninta har zuwa mai gadin da ke tsaye a ƙofa. Idan na fito na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na ga tarin jama'a suna shiga suna fita ba hayaniya, sai in ce ashe duk wannan a rubuce yake a wani wuri. Cikin abin da muka karanta har da dokar da ta ce baƙon da ya shigo ƙasar ya sauka a gidan wani, ba a otal ba, dole a kai fasfonsa ofishin 'yan sandan unguwa a yi masa rajista cikin kwana ɗaya. Tambayar ta fito a jarrabawa, kuma na ci ta.

Sai Goggo ta zo, yayar mahaifinmu. Ta daɗe tana zuwa saro kaya a kasuwar Shisanhang, amma kullum a otal take sauka a unguwar Xiaobei, inda masu otal ke yi mata rajistar ba tare da ta ma sani ba. Wannan karon yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu, ta zo a yi mata aiki, shi ya sa ta sauka a gida. Yaya da iyalinsa sun tafi Kano, ya bar mini komai a hannu don ya san ba na mantuwa.

Ban manta ba. Ranar da ta sauka sau uku maganar tana zuwa bakina ina haɗiye ta. Ta yaya zan dubi yayar ubana, ko ruwa ba ta gama sha ba, in ce ta miƙo fasfo mu tafi wajen 'yan sanda? A gidanmu ko kwana nawa baƙo zai yi ba a tambayarsa. Ita kuwa tana ta kwance mini kilishi da garin kuka, tana kirana Lauya, tana tsokanata wai lauyar da ba ta buɗe baki sai dai ta kare kurma. Na ce a raina gobe. Washegari muka wuni a asibiti. Da wa'adin ya wuce sai kunya ta koma tsoro, na ci gaba da yin shiru.

Aka yi aikin ido ɗaya lafiya. Ranar da aka cire mata bandeji ta tsaya a taga tana salati, tana cewa ashe haka dogayen gidajen nan suke, ita da ta ɗauka hazo ne ke cinye kawunansu. Sai dai jininta ya hau, likita ya ɗaga aikin ɗaya idon, kuma bizarta za ta ƙare kafin ranar. Muka je ofishin da ake ƙara wa baƙi kwanaki. Ma'aikaciyar ta duba takardun asibiti, sannan ta nemi takardar rajistar masauki. Na fassara wa Goggo, ita kuma ta ba da amsa da Sinancinta na kasuwa, ta ce meyo, wato babu, tana dariya. Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce in babu wannan ba za ta karɓi sauran ba, mu je wajen 'yan sandan unguwarmu.

A can na ga abin da har yau nake jinjinawa. Jami'in ya ɗora fasfon a kan na'ura, sai ga hoton Goggo, ga ranar da ta shigo, ga otal-otal ɗin da ta taɓa sauka. Daga ranar da ta shigo gidanmu kuwa babu komai. Ya karanto dokar da lambarta, daidai yadda take a littafina. Ina cikin tsoro, amma wallahi wani ɓangare na zuciyata mamaki yake yi, yau ga abin da nake haddacewa ya miƙe tsaye yana kallona. Ya tambayi sana'ata, na faɗa. Ya ɗago kai ya tambaye ni ko na san dokar. Da na ce ban sani ba, wataƙila da ya yarda. Na ce na sani.

Goggo ta dafa ni ta ce me yake cewa, me kuma na ce. Haka na tsaya ina fassara mata laifina da bakina. Can ta ce in gaya wa yallaɓai su suka rene ni a kan kada in ɗaga ido in dubi babba, don haka in za a raba laifin a ba ta nata kason. Na fassara ina hawaye. Jami'in ya rubuta mana gargaɗi, muka sa hannu, ya yi rajistar, ya ce maganar ƙarin kwanaki kuma ba a hannunsa take ba.

Muka koma ofishin ƙarin kwanaki muka miƙa takardun. Kwanakin da muka yi muna jiran amsa ban iya cin abinci ba. Ina kallon Goggo tana rufe idon da ya warke da tafin hannu tana gwada ɗayan, sai ta sauke hannun. Allah Ya taimake mu aka ƙara mata kwanakin, aka yi aikin, ta koma gida da idanunta biyu. Kafin ta tafi ta ce da na gaya mata tun ranar farko, tabbas da ta yi mini faɗa ta ce na raina ta, amma da ta ɗauki mayafinta ta bi ni.

Wannan maganar ce ta fi zama a raina. Faɗan yini ɗaya na guje wa, na kusa sa tsohuwa ta ƙarasa rayuwarta da ido ɗaya, ina kiran hakan ladabi. 'Yan'uwana da ke karatu ko zama a ƙasar mutane, idan baƙo ya sauka gare ku, ku ba shi ruwa, ku ba shi abinci, sannan ku durƙusa ku gaya masa abin da dokar wurin ta ce, ko da zai ɓata rai. Ilimin da kunya ta hana ku furtawa, wanda kuka fi girmamawa shi zai fara cutarwa.