Ranar da Agogo Ya Ajiye Makulli

Ma'aikatan wata masaƙa ne suka laƙaba masa suna Agogo, domin shekara ashirin da shida yana tuƙa motarsu bai taɓa makara ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya san kujerar kowa, ya san mai gyangyaɗi da mai surutu.

Wata Talata ya tashi jiki kamar an yi masa duka, ga zazzaɓi ga tari. Matarsa ta miƙo masa makulli, ya girgiza kai.

"Mutum talatin a mota ɗaya, ina yi musu tari? Ba da ni ba."

Ya kira abokin aikinsa ya karɓe shi, shi kuma ya wuce asibiti. Likita ta gwada shi, ta ce muguwar murar nan ce mai yaɗuwa.

"Ka kyauta da ka zo da wuri, Baba. Maganin nan ya fi aiki a kwana biyun farko. Akwai tsofaffi a gida?"

"Akwai mahaifiyata."

Ita ma aka ba ta na kariya. Ya koma ɗakin baya da kofinsa da tawul ɗinsa, yana gaida tsohuwar ta taga.

"Kai, ni ka mayar baƙuwa?" in ji ta.

"Na kwana biyar ne, Inna."

Ya ji sauƙi tun rana ta uku, amma sai da ya shanye maganin tas. Inna ko atishawa ba ta yi ba. Ran Litinin ya koma bakin aiki, ma'aikata na ta yi masa tsiya wai ya yi ƙiba.